'Yar kyanwarmu tana gudawa tun jiya, in jira ko in kai ta asibiti?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum. Don Allah masu kiwon mage ku ba ni shawara. Muna da 'yar kyanwa da ba ta cika wata uku ba. Hanif ne ya ɗauko ta daga gidan kakarsa lokacin hutu, ya sa mata suna Zabuwa saboda zanen jikinta. Tun jiya bayan la'asar cikinta ya ɓaci. Da farko kashin ya yi laushi ne kamar kunu mai kauri, kafin dare ya koma ruwa tsululu, launin ɗorawa, ga wari ba a magana. Na ƙirga sau biyar a kwanon yashinta, na shida kuma a ƙarƙashin keken ɗinkina ta yi. Da asuba ta yi amai sau ɗaya.

Abincinta dai abin da ya samu ne: madarar gari da safe, kan kifi in an yi miya, wani lokaci ragowar shinkafa. Yau na ajiye mata ta shinshina ta kau da kai. Ruwa ta ɗan lasa. Abin da ya fi damuna, Zabuwa da ba ta barin zare ya zauna lafiya a ɗakin nan, yanzu tana kwance a bayan ƙofa, ko Hanif ya kaɗa mata ƙyalle sai dai ta bi shi da ido.

Maigida ya ce dabba ce, ta san maganinta, za ta ci ciyawa ta warware. Wai ina aka taɓa kai mage asibiti. Yaron kuwa ya ƙi karyawa saboda ita. Shin irin wannan jira ake yi, ko akwai abin da zan ba ta a gida?

Ɗan Kurmi:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Abin bai kai na asibiti ba. Ki aika kemis a karɓo Flagyl, ki ɓantari rabi ki jiƙa ki ɗura mata. In jikinta da zafi ki haɗa da ɗan Panadol. Haka muke yi wa awaki.

Baba Mai Sito:

Ɗan Kurmi, ɗana, akuya daban mage daban. 'Yata Maman Hanif, kada ki kuskura ki ba ta Panadol.

Ni shekara da shekaru ina ajiye maguna a sito saboda ɓera, don mai buhunan gero da wake in ba shi da mage to ɓera yake yi wa kasuwanci. Babbar mage takan yi zawo yini ɗaya in ta ci abin da bai karɓe ta ba, amma za ki gan ta tana cin abinci, tana lasar jikinta, tana hawa buhu. Irin wannan ba na tayar da hankali, ruwa mai tsabta nake ajiye mata in sa ido. 'Ya'ya ne abin tsoro. Wata damina uwa ta haifa mini huɗu a bayan buhuna. Ɗaya ya fara zawo ranar Talata, na ce bari mu gani zuwa Juma'a. Kafin Juma'ar uku sun tafi, na huɗun ma da ƙyar likita ya ceto shi. Abin da na riƙe a bakinsa shi ne jikin ɗan mage ba shi da ajiyar ruwa, abin da babba za ta jure kwana biyu shi a yini ɗaya yake ƙarar da shi.

Ki kuma tambayi kanki ko an sa maganin ɓera ko an fesa fiya-fiya a gidan kwanan nan. Na taɓa rasa muzuru da ya ci ɓeran da ya sha guba a siton maƙwabcina. In da hakan, ko minti ɗaya kada ki ƙara.

Dakta A.:

Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi, da yake aikina ke nan.

Hajiya, amsar tambayarki ita ce ki kai ta yau, kada ki bari ta sake kwana. Ba gudawar kaɗai ta sa na ce haka ba. Abubuwa huɗu ne suka haɗu a kanta: ƙarama ce, ta yi amai, ta ƙi abinci, kuma ta daina wasa. Da babba ce mai kuzari tana ci tana sha, da sai in ce a ba ta dafaffen naman kaza ba ƙashi, ba gishiri, ba magi, kaɗan-kaɗan, a duba ta awa 24 zuwa 48, in bai tsaya ba a kawo ta. Wannan rangwamen ba na 'yar wata uku ba ne, ba kuma na tsohuwar mage ba.

Kafin ki fita ki yi gwaji biyu. Ki ɗaga fatar bayan wuyanta da yatsu biyu ki saki. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinta. In ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, ruwa ya yi ƙasa sosai. Sannan ki ɗaga leɓenta ki taɓa dasashin. Na lafiya ja-ja ne mai danshi. In ya yi fari fat ko yana manne wa yatsa, ki ƙara sauri. Ki duba kashin kuma: jini ja, ko majina mai yawa, ko baƙi ƙirin kamar kwalta. Baƙin nan jini ne da ya zubo daga can saman hanji ya narke, mutane kuma sukan raina shi don ba su ga ja ba. Ki ɗebi kaɗan na sabo-sabo a leda mai tsabta ki tafi da shi, da shi ake ganin ƙwan tsutsa a madubin likita.

Maganar Panadol, Malam Ɗan Kurmi, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, wato sinadarin da ke cikin Panadol, yadda ta mutum ke yi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Flagyl kuwa mukan yi amfani da shi a wasu lokuta, amma bisa awon nauyi. Rabin ƙwayar mutum ga halittar da nauyinta bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba yana iya taɓa mata ƙwaƙwalwa ta riƙa tangaɗi.

Abin da nake zargi? Na farko madarar nan. Yawancin maguna bayan yaye cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ya jawo ruwa cikin hanji. Na biyu tsutsar ciki, wadda 'ya'yan mage kan samu tun daga nonon uwa. Miya ma ki daina, albasa da tafarnuwa suna lalata musu ƙwayoyin jini. Wanda nake tsoro shi ne fanlukofeniya, 'yar'uwar cutar fabo da ke kashe 'yan kwikwiyo. Ina kyautata zaton ita ce ta shiga siton Baba. Tana zuwa da amai da gudawa da mutuwar jiki, ƙwayarta kuma tana iya shekara a wuri ba ta mutu ba. Rigakafinta ana farawa ne daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16. An yi wa Zabuwa?

Sai abu ɗaya da na tsinta a bayaninki: keken ɗinki. Mage na haɗiye zare, wani lokaci har da allura. In kika ga zare ya leƙo ta baki ko ta baya, kada ki ja, yana iya yanka hanji. Ki dai gaya wa likitan cewa ɗakin ɗinki take kwana.

Maman Hanif:

Na gode Baba, na gode Dakta. Ba a yi mata rigakafin komai ba, wallahi ban san ana yi wa mage ba. Fatar tana komawa amma a hankali. Ba mu sa maganin ɓera ba. Na goge wurin da ta ɓata da Dettol, ya isa? Kuma zan iya ɗura mata ruwan gishiri da sukari kafin mu isa?

Dakta A.:

Dettol da Izal ba su dace da gidan da ke da mage ba, tana takawa ta lashe ƙafa, kuma guba ne gare ta. Ki yi amfani da bilic irin su Hypo, ki tsarma da ruwa, ki bari ya bushe kafin ta taka. Ruwan gishiri da sukari, in za ta lasa da kanta ko ki ɗiga mata kaɗan a gefen baki da sirinji marar allura, babu laifi. Ɗure ne ba na so, kada ya sarƙe ta ya shiga huhu. In ta amayar ki bari. Ku wanke hannu da sabulu ke da Hanif, kuma in akwai mai juna biyu a gidan kada ita ta riƙa kwashe yashin.

Ɗan Kurmi:

To Allah ya huci zuciyar Dakta, na janye. Ashe da na sa an yi ɓarna.

Maman Hanif:

Na dawo da bayani, yau kwana uku ke nan. Ranar na saka ta a kwali na huda ramuka, muka hau adaidaita ni da Hanif zuwa asibitin dabbobi na gwamnati. Mai adaidaitan da ya ji kuka a kwali sai da ya waiwayo sau biyu. Mu kaɗai ne da mage, sauran duk tumaki ne da kaji da wani mai kare.

Likitar ta auna ta, ta sa mata ma'aunin zafi, ta lalube cikin ta ce ba ta ji alamar zare ba. An yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, wurin ya yi tudu kamar ƙwai, kafin dare ya baje. A kashin da na kai aka ga ƙwan tsutsa, aka ba ta magani daidai nauyinta, za a maimaita bayan mako biyu. Washegari na ga abin da ya fita, dogaye farare kamar taliya, na kasa cin abincin rana. Rigakafin an ce sai ta murmure tukuna, ba a yi wa marar lafiya.

Jiya ta cinye naman kazar da na dafa mata, yau kashin ya fara ɗaurewa. Madara an soke ta. Maigida da ya ce ciyawa za ta ci, shi ne ya dawo da ƙirjin kaza a leda bai ce komai ba. Dakta, likitar ta ce tana da ƙuma a jiki, kuma ta gargaɗe ni kada in shafa mata maganin ƙumar kare. Wanne ne ya dace da mai wata uku?