Akwatin Baba: a ina zan samo tarihin makaɗan Kano na da?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana kaɗa kalangu a bayan wani mai kukuma a nan Kano, har wajen 1985 da ya ajiye ya koma sayar da yadi a Kantin Kwari. Bai cika son zancen ba, mu ma ba mu matsa ba. Makon jiya muna kwashe ɗakinsa muka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, irin mai fentin fure ɗin nan. Kaset 43 ne a ciki, faifan garmaho 6 (biyu sun tsage), hotuna, da katunan biki an ɗaure su da kyauro. Yawancin kaset ɗin babu rubutu, ɗaya ne kawai aka sa wa "daren Asabar" da ajami. So nake in rubuta tarihin ƙungiyarsu da yadda harkar kiɗa take a birnin nan a lokacin. Ina ake ajiye irin waɗannan bayanai? Ta ina zan fara?

Mai Gyaran Sauti: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kafin kowa ya aike ka ko'ina, don Allah kada ka jefa ko ɗaya cikin tsohuwar rediyon gida. Kaset ɗin da ya shekara 40 a kwance, da zarar ta cafke shi sai ta tauna, kuma abin da ta tauna ya tafi. Fara da lamba: 1 zuwa 43, ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya. Ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya ɗora magana a kai. Sai ka zura biro ka juya zaren a hankali har ƙarshe. Wanda ya cije ko ka ga farin fumfuna a jikinsa, ware shi gefe. Ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, shi ne yake yawan faɗuwa, kuma ana maye shi da na wani kaset ɗin banza. Ranar juyawa a kwamfuta ka ce WAV kake so, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, MP3 na turawa abokai ne. Faifan garmaho kuwa a tsaye ake jera su, kada rana ta taɓa su, kada kuma a goge su da sifirit, cinye su yake yi.

Baban Ummi: Ni fa ina ganin kana wahalar da kanka. Je ka wajen masu turi, za su cika maka memori da Shata da Ɗanƙwairo da Garba Supa da Haruna Uji. Sauran kuma suna YouTube.

Malamar Jami'a: Baban Ummi, waƙa za su ba shi, shi kuwa tarihi yake nema. Na sha karɓar irin wannan memori: waƙa ɗaya da suna uku, ta Hassan Wayam an rubuta mata sunan wani, ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, balle sunan mai kalangu. Ai mahaifinsa irin mutanen da sunansu ba ya hawa kan kaset ne.

Ɗan Fagge, ka fara da gida. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, wadda ta daɗe tana tara waƙoƙin baka. Amma abin da mutane ba sa lura da shi, kuma ni a ganina ya fi komai amfani a gare ka, shi ne kundayen ɗaliban sashen Hausa. Shekara da shekaru ana tura ɗalibi ya je ya zauna da makaɗi, ya tambaye shi asalinsa da wanda ya koya masa da yaransa, ya rubuce waƙoƙinsa a rataye. Wasu kundayen rubutun bai taka kara ya karya ba, gaskiya, amma a shafukan ƙarshe za ka tarar da jerin waɗanda aka yi hira da su, da unguwa, da rana. Nan ne za ka iya cin karo da sunan Baba. Haka ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo. Ka kuma nemi rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir kuma a kan Shata ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, ka ga yadda ake bin mawaƙi da jama'arsa.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ɗana, ina yi maka ta'aziyya. Malama ta faɗi gaskiya, bari in ɗora. A zamaninmu makaɗi bai cika makaɗi ba sai an ji shi a rediyo. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma da wuya ka ambaci wani babban makaɗin Arewa da bai shiga ɗakin ɗaukarsa ba. Na Kano kuma suna da Rediyon Kano, daga baya ga CTV da yanzu ake kira ARTV, ga NTA. A faifan nan mai zare, babba kamar faranti, ake ɗauka, kuma kowane faifai yana da kwali da ake rubuta suna da rana da tsawon minti. Akwai kuma babban littafin rajista a laburare. In ka je, kada ka ce "ina son waƙar wane", za a ce maka babu. Ka ce a nuna maka rajista. Ka tafi da takarda a rubuce zuwa ga shugaban gidan, sannan ka tambayi wanda ya riƙe laburaren kafin ya yi ritaya, ka bi shi har gida. Mu tsofaffin nan abin da ke kanmu ya fi abin da ke kan kanta.

Ka kuma shirya wa takaici. A wani gida da na taɓa aiki, ba cikin waɗanda na lissafa ba, lokacin da sabon faifai ya yi tsada sai aka ce mu riƙa goge tsofaffi muna ɗora sababbin shirye-shirye. Da hannuna na goge wasan wani mai garaya na kusan awa guda don a ɗauki jawabin buɗe rijiya. Kwalin na nan da sunansa, cikin kuwa jawabi. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri Baba. Wannan na rijiya ya taɓa ni. To takardu fa? Ina nufin abin da zai nuna inda ake wasa da yadda hukuma take ɗaukarsu.

Mai Bin Fayil: Wannan sai Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can yana riƙe da fayilolin lardunan Arewa, na Kano ana kiransu KANOPROF. Ba za ka ga fayil mai suna "kiɗa" yana jiranka ba. Ka bi ta gefe: dokokin En'e a kan roƙo da kiɗan dare, izinin wasa, lasin sinima da otal, shirye-shiryen tarbar manyan baƙi. Makaɗi ya fi shiga takardar hukuma ranar da ya dami wani. Daga nan ka wuce Arewa House, gidan Sardauna na da, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970. Ka nemi tsofaffin jaridu, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da New Nigerian daga 1966. Kada ka tsaya a labarai, tallace-tallacen gefe za ka bi, can ake sanar da wasa da sabon faifai. Aiki ne na haƙuri, sai ka yini kana buɗe shafi ka tashi da layi biyu da ƙura a hanci. A nan Kano kuma ka leƙa Gidan Ɗan Hausa, wurin hukumar tarihi da al'adu, da Gidan Makama don hotuna da kayan kiɗan fada.

Hajiyar Yakasai: Duk kun lissafa maza. Rabin kiɗan birnin nan a cikin gida aka yi shi, inda ba mai kyamarar rediyo da ya shiga. Amada, kiɗan ƙwarya, shantu, zabiyoyin fada. Uwaliya Mai Amada 'yar nan ce, Barmani Choge kuma daga Funtuwa take zuwa, ta rasu a 2013. Wa ya ajiye nasu? Mu. Akwai kaset ɗin bidiyon biki a cikin sif ɗin kusan kowace tsohuwar amarya. Ɗana, katunan bikin nan da ka raina su ne jagorarka. Kowane kati yana da sunan gida da unguwa da rana. Ɗauki goma ka bi gidajen, ka yi sallama ka ce kai ɗan wane ne mai kalangu. Za ka sha mamaki. Kuma ka tafi da ƙanwarka ko matarka, don akwai ɗakin da ba za a shigar da kai ba.

Malamar Jami'a: Hajiya ta fi mu duka. In ƙara a kan nata: Beverly Mack, Ba'amurkiya, ta zauna a Kano tana nazarin waƙoƙin mata, har da na cikin fada, kuma ta wallafa. Yana da kyau ka duba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Kano. Kada ku mance da mu. Makaɗanku da yawa sun ƙetaro wasa Maraɗi da Damagaram da Yamai, namu su ma sun je can, kaset kuwa ba ya sanin iyaka. A Yamai akwai CELHTO, cibiyar tara tarihin baka da aka kafa a 1968, akwai IRSH, cibiyar bincike ta jami'a, akwai kuma cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a 1989, mai ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya, inda marigayi Malam Maman Barka mai gurmi ya yi aiki. Rediyon ƙasa, Muryar Sahel, ita ma tana da tsofaffin faifai. In ka samu alamar su Baba sun taɓa zuwa nan, faɗa mini gari da shekara in tambaya maka. Mu ma haka muke fama a kan Ma'azu Ɗan Alalo, muryarsa tana ko'ina amma masu amsa masa sai dattawa ke iya lissafa su.

Baƙo a Landan: Na waje kaɗan ne zai shafe ka kai tsaye, amma ga abin da ya sawwaƙa. David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a Zariya a 1963 da 1964, shi da Anthony King kuma suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Zai taimake ka wajen sunayen ganguna da muƙaman cikin ƙungiya, don kada ka kira kuntuku kalangu a rubuce. Jami'ar Indiana tana da babbar taskar kiɗan gargajiya, ana rubuta musu ta imel. Laburaren Birtaniya ma yana da sashen sauti, sai dai bayan kutsen da aka yi wa kwamfutocinsu a Oktoban 2023 abubuwa da yawa sun tsaya, don haka ka rubuta musu kai tsaye. Faifanka kuma ka karanta tambarin tsakiya da kyau: sunan kamfani, EMI ne ko wani, da lambar da ke jiki. Da lambar ake gano lokacin bugawa, ko faifan ya tsage.

Baban Ummi: To na janye. Amma Sabon Gari fa? In ana maganar daren Kano ba a tsallake ta. Kawuna yana ba mu labarin masu ƙaho da jita a otal-otal ɗin can, kuma ya ce 'yan birni ma sukan saci jiki su je.

Mai Bin Fayil: Wannan magana ce. Yawancin masu rubutu suna raba su, gargajiya daban, na Sabon Gari daban, alhali gari ɗaya ne kuma dare ɗaya. Ɗan Fagge, unguwarku ce ma a tsakani. Ka tambayi tsofaffin masu ɗaukar hoto na wajen, wasunsu ba sa zubar da fim.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Abu ɗaya na manta, kuma shi ya fi gaggawa. Takarda za ta jira ka, kaset ma in ka adana shi zai jira. 'Yan amshi ne ba za su jira ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma duk shekara yaran irin waɗannan ƙungiyoyi raguwa suke. In akwai wanda ya rage cikin abokan mahaifinka, shi za ka fara gani kafin Kaduna. Kada ka je da takardar tambayoyi kamar ɗan sanda. Kai masa goro, kunna masa kaset, ka yi shiru. Da kansa zai ce "wannan a gidan wane ne, ga wane a kalangu, ranar ruwa ya kore mu." Wayarka tana ɗauka, amma ka nemi izininsa tukuna.

Ɗan Fagge: Baba kamar ka sani. Na nuna wa Inna hotunan da daddare, ta sa yatsa a kan wani siriri mai hula zanna a gefen Baba ta ce yana raye, a Birged yake, idonsa ne kawai ya tafi. Ta kuma ce "daren Asabar" ba sunan waƙa ba ne, ranar da aka sa musu rana ce ita da Baba. Na gama sa lamba, guda bakwai sun cije na ware su. Mai Gyaran Sauti, kana da na'urar da za a juya mini ko guda uku kafin Juma'a? So nake in je masa da su bayan masallaci.

Mai Gyaran Sauti: Akwai. Kawo su Laraba da safe kafin a ɗauke wuta, ka haɗo da na Asabar ɗin. Kada ka sa su a but ɗin mota.