Wane suna za mu ba wildcard mask da Hausa?

Na Bukuru: Assalamu alaikum injiniyoyi. Masu koyar da sadarwar kwamfuta a nan Jos kowa da sunan da yake kiran wildcard mask, lambar da ke gaya wa rauta (na'urar da ke tura bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa) wane ɓangaren adireshi za ta duba: wani takunkumi, wani juyayyen sabnet (wato subnet mask, lambar da ke nuna girman rukunin adireshi), wani ya bar shi da Turancinsa. Ya kamata mu tsayar da magana ɗaya. Ga misalin da za mu auna kowace kalma a kai. Rautar babban ofis a Terminus tana yi wa ta reshen Bukuru shelar hanyoyi ta EIGRP, tsarin da rautoci ke musayar labarin hanyoyi da shi, amma ba a so reshen ya ji labarin 172.16.4.0 har zuwa 172.16.7.0:

access-list 10 deny 172.16.4.0 0.0.3.255
access-list 10 permit any
router eigrp 100
distribute-list 10 out GigabitEthernet0/1

To, wannan 0.0.3.255 ɗin me sunansa?

Malamin Faringada: Wa alaikumus salam. Juyayyen sabnet ya fi kwanta mini, don sunan da kansa yana koyar da lissafin. Ka ɗebe kowane gurbi na sabnet ɗin, wato kowace daga lambobi huɗun da ɗigo ya raba, daga 255, shi ke nan. 255.255.252.0 ya koma 0.0.3.255, 255.255.255.0 ya koma 0.0.0.255.

Hajiyar Rayfield: Malam, lissafin nan daidai ne, amma sunan zai rufe wa ɗalibi rabin aikin. Sabnet dole ɗayoyinsa su jeru daga hagu ba giɓi. Wannan kuwa ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba. A duba 192.168.1.0 0.0.254.255. Lamba 254 ita ce 11111110 in an rubuta ta da bit (kowane sifili ko ɗaya bit guda ne), wato bit na ƙarshe kaɗai rauta za ta bincika a gurbi na uku. Tunda 1 ne a wurin, layin zai kama 192.168.1.0, 192.168.3.0, 192.168.5.0, duk waɗanda ba sa rabuwa biyu. A mayar da adireshin 192.168.0.0 sai ya kama 0, 2, 4 da sauransu. Juya 0.0.254.255 ka gani, 255.255.1.0 zai ba ka, kuma babu sabnet mai wannan kama. Takunkumi kuma ni ban ga abin da yake faɗa ba, sai tuna wa mutane zamanin korona.

Ɗan Gangare: Me zai hana mu ce wot? A kartar Whot ai mai lamba 20 ita ce ke shiga ko'ina, asalin ma'anar kalmar wildcard ke nan.

Hajiyar Rayfield: Ƙanena, wanda bai taɓa riƙe karta ba fa? Kuma wot kati guda ne, nan kuwa bit 32 ne, kowanne da hukuncinsa.

Injiniyan Tudun Wada: Ku bar siffa, ku dubi abin da kowane bit ke gaya wa rauta. Sifili na cewa dole ya yi daidai da na adireshin. Ɗaya na cewa ko oho, duk abin da ya zo a nan ba ruwana. Saboda haka ina ganin a ce awon ko-oho, sifili ya zama bit ɗin dole, ɗaya ya zama bit ɗin ko-oho. A misalin Na Bukuru, 3 ita ce 00000011: shida na dole, biyu na ko-oho. Bit biyu na ba da haɗi huɗu, shi ya sa aka kama 4, 5, 6 da 7.

Amfanin sunan yana fitowa ne a inda aka fi yin ɓarna. Mutum ya rubuta access-list 10 permit 192.168.5.0 255.255.255.0, yana zaton sabnet ake nema. IOS, tsarin aikin rautar Cisco, ba zai ce masa uffan ba, zai karɓa ya adana shi a matsayin 0.0.0.0 255.255.255.0, tunda an ce masa gurbi uku na farko ko oho. Duk hanyar da ta ƙare da sifili ta wuce ke nan, kusan teburin gaba ɗaya. Wanda ya karanta layin da "ko oho, ko oho, ko oho, dole" zai farga tun kafin ya danna. A lura dai, Cisco ASA, injin tsaron sadarwa, sabnet yake karɓa a jerinsa, kada a kai masa wannan awon.

Malamin Faringada: Na janye tawa, Injiniya. A haɗa da cewa rukuni yana farawa ne daga ninkin girmansa. In ka sa 172.16.5.0 0.0.3.255 kana nufin 5 zuwa 8, 4 zuwa 7 za ka samu. Sai ka rubuta layi uku: ɗaya na 5, ɗaya na 6 da 7 da 0.0.1.255, ɗaya na 8.

Na Bukuru: Madalla, awon ko-oho ya zauna. Access list kuma jerin izini, distribute-list rariyar hanyoyi, in ba mai ja. Kada a manta da permit any a ƙasa, don akwai ɓoyayyen hani a ƙarshen kowane jeri. In babu shi reshen zai wayi gari ba hanya ko ɗaya daga Terminus, alhali maƙwabtakar EIGRP tana nan lafiya lau.

Hajiyar Rayfield: Rariya ta yi wa RIP da EIGRP, amma a yi hattara da ita a OSPF (RIP da OSPF su ma tsarin shelar hanyoyi ne). Can distribute-list in ba ya hana LSA, saƙon da ke ɗauke da labarin hanyoyi a OSPF, yawo. Rautar da ka sa wa ce kaɗai ba za ta saka hanyar a teburinta ba, na bayanta kuwa za su samu, su ci gaba da turo mata kaya ta rasa inda za ta kai. Sannan jeri mai lamba 1 zuwa 99 adireshi kawai yake dubawa, 10.1.0.0/16 da 10.1.0.0/24 duk ɗaya ne a wurinsa. In ana son bambancewa sai prefix-list da ge da le, masu sa iyakar ƙasa da ta sama ga tsawon sabnet, irin /16 da /24 ɗin nan. Shi ma yana jiran suna.

Ɗan Gangare: Jerin tsawo zai yi, Hajiya? Tunda tsawon sabnet ɗin ma yana aunawa.