Tsohon kibod na Roland: duk bugu na shida sai ya yi shiru

Mai_Kida_Fagge: Assalamu alaikum, masana. Akwai tsohon kibod ɗin kiɗa na kamfanin Roland a hannuna, sunan samfurin ya goge. Maɓallai 61 ne, da ramukan MIDI (na jona kayan kiɗa da juna) a baya, farantinsa kuma an rubuta 100V. In ana bugawa ɗaya bayan ɗaya, duk na shida sai ya yi shiru ko ya riƙa ƙarar tartsatsi. Wane iri ne, me ya lalace?

Injiniya_Sabo: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai kada ka jona shi kai tsaye. 100V na Japan ne, wutarmu 230V, sai da tiransifomar rage wuta. In an rubuta Juno a jiki, MIDI ne zai raba gardama: Juno-60 na 1982 ba shi da shi, ramin DCB gare shi (tsohuwar hanyar jonawa ta Roland), Juno-106 na 1984 ne mai MIDI. In yana da lasifika a jiki, HS-60 ne ko 106S, cikinsu ɗaya.

Oga_Mai_Solda: Alamar 106 ce sak. Muryoyi shida gare shi, wato sassa shida masu fitar da sauti da ke karɓar bugu bi da bi, kowace da IC ɗinta (ƙaramar na'urar lantarki) mai lamba 80017A. Baƙar robar da aka lulluɓe ta da ita ce ke lalacewa da tsufa, wuta ta riƙa zurarewa a ciki. Danne maɓallin Key Transpose ka kunna kibod ɗin, zai shiga yanayin gwaji inda ake ganin lambar muryar da ke bugawa. Amma ka fara auna wutar cikinsa, +15V, -15V da +5V, da mita. In muryoyi biyu maƙwabta suka mutu tare, zargi wata IC ɗin daban mai lamba MC5534A, guda uku ne, kowace tana ɗauke da murya biyu.

Gyara iri biyu ne. Ko a cire IC ɗin 80017A a jiƙa ta cikin asiton a kwalbar gilashi mai murfi na 'yan kwanaki har robar ta saɓule, ko a sa sabuwa ta kwaikwayo. Ni na fi yarda da canza duka shidan, don wadda ba ta mutu yau ba tana hanya. A zuƙe dalmar sarai kafin a ja, layukan fanel ɗin saurin ɗagowa gare su.

Injiniya_Sabo: Haka ne, Oga. Bayan canji dole a sake saita tiriman (ƙananan maɓallan daidaitawa na kan fanel) kowace murya bisa littafin gyara na Roland, in ba haka ba sautinsu zai bambanta. Batirin CR2032 ma a canza shi, amma a kwashe sautuka 128 ɗin ta ramin kaset tukuna, don cire shi na share su.