Maitama ko Mararaba, ina aka fi cakuɗa?

Baban Khalifa: Ni dai na faɗa na ƙara, mai son ganin Najeriya a dunƙule ya shiga Maitama ko Asokoro, manyan unguwannin Abuja. Layi ɗaya ga gidan Bahaushe ga na Bayarabe ga na Ibo, kuma ba mai tambayarka addininka.

Maman Ummi: Haba Baban Khalifa, yo wa ya ma san ka balle ya tambaye ka? Can fa maƙwabci bai san maƙwabci ba sai dai masu gadi su gaisa, ai duk ƙabila ɗaya ce, masu kuɗi. Ka zo gidan da nake haya a Mararaba, nan gefen Abuja a jihar Nasarawa, ɗaki takwas, akwai Tibi akwai Gwari akwai Ibo sai mu Hausawa biyu, rijiya ɗaya mita ɗaya, duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki kan kuɗin wuta amma ranar sallah kowa sai ya ci tuwona, da kirsimeti kuma shinkafa har ɗaki.

Baban Khalifa: Hajiya tsadar haya ce ta haɗa ku ba so ba. Yau a ba ki fulat a Wuse 2, wallahi ko sallama ba za ki yi musu ba.

Ɗan Suleja: Hhh nan kam ka faɗi gaskiya yallaɓai. Rusau ɗin zamanin El-Rufai yana ministan Abuja da hana acaɓa a cikin gari a 2006 sun koro mutane da yawa waje. Amma fa a siyasa Maman Ummi ta fi ka hujja. Zaɓen 2023 Obi ne ya cinye Abuja, Tinubu ko kashi 25 bai samu ba, alhali mu a jihar Neja Tinubu ne ya ci. Motar da nake hawa da asuba daga Suleja akwai ɗan APC akwai ɗan PDP akwai ɗan Leba, musu ake tun daga Madalla har Berger a cikin Abuja.

Baban Khalifa: To ai Nasarawa ma Obi ne ya ci, ina bambancin?

Maman Ummi: Bambancin shi ne mu ke dafa wa Abuja abinci mu share mata ofis, amma ƙuri'ata a Karu take, jihar Nasarawa, ko kansila ban isa na zaɓa a Abuja ba. Bari na tashi kar go-silon Nyanya ya ritsa da ni.