Witcher 4: laftof ɗina zai ɗauka ko in fara tarin kuɗin wani?

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka san harkar kwamfuta ku zo ku ba ni shawara kafin in yi aikin da-na-sani.

Tun Disambar 2024 da kamfanin CD Projekt Red suka saki tirelar sabon gem ɗinsu Witcher 4 a bikin The Game Awards hankalina bai kwanta ba, na kalle ta ya fi sau ashirin, musamman wajen nan da Ciri, jarumar gem ɗin, ta shanye maganin idonta ya juye ta jawo sarƙa ta tunkari dodon. Witcher 3 kuwa sau uku na gama shi har da ƙarin labaransa biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine, to kun ga ba gem ɗin da zan iya bari ya wuce ni ba ne.

Laftof ɗin da nake da shi yanzu Core i5 ne zubi na 9, katin girafik GTX 1650 mai 4GB, RAM 8GB, SSD 256GB sai had-dis na 1TB inda nake zuba gem-gem. Witcher 3 yana tafiya lafiya a matsakaicin setin, amma da na shiga tsakiyar birnin Novigrad wajen kasuwa inda mutane suka yi yawa sai fanka ta fara ihu, hoton ya riƙa sarƙewa, gefen kibod ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu.

To na ɗan tara kuɗi, kuma wani mai shago a Beirut Road ya nuna min tokumbo mai RTX 3050 ya ce in ba shi nawa in cika kuɗi, wai ba gem ɗin da zai gagare shi. Wani abokina kuma ya ce kar ma in wahalar da kaina, tirelar da babban katin girafik RTX 5090 aka yi ta don haka gem ɗin na masu kuɗi ne. Ni yanzu na rasa wa zan bi. In yi musayar ko in jira? Kuma me ake ganin gem ɗin zai nema?

Injiniya_Tudun_Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kar ka yi musayar nan.

Da farko CD Projekt ba su fitar da jerin abin da gem ɗin yake buƙata ba, duk wani teburi da ka gani yana yawo a Facebook ko YouTube wai ga mafi ƙaranci ga wanda aka fi so, hasashen mutane ne kawai. Kuma kamfanin da bakinsu suka gaya wa masu hannun jari cewa ba zai fito kafin ƙarshen 2026 ba, wato 2027 ne mafi kusa. Kayan da za ka saya yau kafin ranar sun ƙara tsufa.

Maganar abokinka rabinta gaskiya ce. Eh da RTX 5090 aka haɗa tirelar, Nvidia sun tabbatar a Janairun 2025, amma ai wannan fim ne aka riga aka sarrafa aka ajiye, ba wasa ake bugawa kai tsaye ba. Katin nan shi kaɗai dala 1,999 aka sa masa kuma yana shan wat 575, babu kamfanin da zai kashe shekaru yana gina gem sannan ya ce sai mai wannan katin ne zai buga, wa zai saya? Abin da ya fi kamata ka duba shi ne gwajin da suka nuna a watan Yunin 2025 a taron State of Unreal, wanda Ciri ta hau dokinta Kelpie ta ratsa daji ta shiga garin Valdrest a ƙasar Kovir. Wannan a kan PS5 na gama-gari aka kunna shi ba ma Pro ba, firem 60 a daƙiƙa, da re-tiresin, wato fasahar lissafin haske, a kunne. Su ma sun ce gwajin fasaha ne ba asalin gem ɗin ba, amma dai ya nuna maka ma'aunin da suke gini a kai. PS5 tana da ƙwaƙwalwa 16GB da furosesa mai koa 8 da SSD mai gudu sosai. Duk kwamfutar da ta gaza wannan da nisa za ta sha wuya.

Ga inda naka zai samu matsala, ba wai rashin ƙarfi kawai ba. GTX 1650 ba shi da sashen re-tiresin sam, wato sashen da yake lissafa yadda haske ke dukan abu ya dawo. A da ana iya kashe shi a setin a ci gaba da wasa, yanzu kuwa an fara yin gem ɗin da in katinka ba shi da shi ko buɗewa ba zai yi ba, Indiana Jones and the Great Circle na Disambar 2024 haka yake, Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ma haka. Idan aka gina hasken Witcher 4 tun daga tushe a kan wannan hanya to duk dangin GTX sai dai su yi kallo.

Shi kuma 3050 ɗin da aka nuna maka, ka tambayi mai shagon VRAM ɗinsa nawa, wato ƙwaƙwalwar katin girafik, yawancin na laftof 4GB ne, daidai da naka na yanzu. Ka ga ka cika kuɗi ka dawo inda kake. Ka lura kuma sunan kati a laftof da na tebur ba abu ɗaya ba ne, RTX 3060 na tebur akwai mai 12GB amma na laftof 6GB ne, mutane da yawa sun faɗa wannan ramin.

In kana so ka ƙiyasta, dubi sauran gem ɗin da aka yi da injin haɗa gem na Unreal Engine 5, tunda tun Maris 2022 CD Projekt suka sanar sun bar injinsu na REDengine sun koma can. Black Myth: Wukong RAM 16GB yake nema da wuri 130GB. Oblivion Remastered na Afrilun 2025 shi ma 16GB, wuri 125GB, kati kuma daga GTX 1070 Ti. Ni a nawa lissafin, in zan haɗa na'ura don Witcher 4 ba zan sauka ƙasa da RAM 16GB ba kuma 32 ya fi kwanciyar hankali, katin RTX ko na AMD mai re-tiresin da VRAM 12GB in hali ya yi, 8GB shi ne bakin iyaka, sai SSD na 1TB. Had-dis ɗin nan naka mai juyawa ka bar shi wa finafinai, ko gem ɗinsu Cyberpunk 2077 tun afdet ɗin 2023 SSD suke cewa dole.

Sarkin_Gwent ya rubuta:

Injiniya ya gama magana a kan kaya, ni zan ƙara maka abu ɗaya da na gani da idona. Ranar 10 ga Disamba 2020 Cyberpunk 2077 ya fito, kamfanin nan dai ne, mun yi shekaru muna kallon tirela muna lissafin kwanaki. A kan PS4 abin da ya fito ya munana har Sony suka cire shi daga shagonsu suka mayar wa mutane kuɗi, bai dawo ba sai Yunin 2021. Sai da aka kai 2023 da ƙarin labarinsa Phantom Liberty kafin gem ɗin ya zama abin da aka yi alkawari, yanzu kam yana da kyau ƙwarai ban musa ba, amma shekara kusan uku fa. Shi kansa Witcher 3 da muke yabo, da ya fito a Mayun 2015 an yi ta ƙorafi cewa hoton bai kai na tirelar 2013 ba.

Don haka ni ko sun fitar da jerin buƙatun ba zan saki jiki ba sai na ga mutane sun kunna shi a kan kati irin nawa. Unreal 5 yana da wata cuta ta ƙamewa, kana cikin sukuwa a kan doki sai hoto ya tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido ya ci gaba, ko katinka mai tsada ne yana yi, Stalker 2 da Oblivion ɗin da Injiniya ya ambata duk an yi kuka da su a kan haka. CD Projekt sun ce suna aiki da Epic, masu injin Unreal, don gyara yadda duniyar gem ke lodawa, Allah ya sa, a ƙasa dai muke so mu gani.

Sannan ni fa har yanzu maganar a mai da Ciri jagorar gem ɗin ba ta zauna min ba. Na yi sa'o'i ɗaruruwa da Geralt, jarumin Witcher 3, muryarsa, yadda yake amsa wa mutane a gajarce, shi ne gem ɗin a wurina. Kuma a wasana na Witcher 3 Ciri sarautar daular Nilfgaard ta hau, to yanzu za a ce min wannan ƙarshen bai faru ba kenan? Ga batun Trial of the Grasses, gwajin da ke mai da mutum witcher mai farautar dodanni, abin da yaran maza ma a cikin goma uku ne kawai ke rayuwa, ita da girmanta ta yaya ta shiga ta fita? Ina jiran bayani mai gamsarwa, kar su share shi da layi biyu.

Ummi_Zariya ta rubuta:

Haba yaya Sarkin_Gwent, ka sake tuna Witcher 3 ɗin da kyau mana. Tun daga White Orchard har Velen har Novigrad har Skellige wa ake nema? Ciri. Labarin nata ne tun can, Geralt bin sawunta yake yi. Kuma Blood and Wine ya sallame shi sallama mai kyau, an ba shi gida da gonar inabi a Corvo Bianco, ya zauna bakin wuta ya juyo ya kalle mu ya yi murmushi, ni a wajen nan sai da na yi ƙwalla. A sake tayar da mutumin nan a ce ya koma kwana a daji yana cinikin kan dodo da ƙauyawa, ni a ganina an ɓata wancan ƙarshen. Kuma ai sun ce zai fito a cikin sabon, ba shi ne jagora ba kawai.

Tambayarka ta Trial of the Grasses ni ma ina da ita, har da ina ƙarfinta na ɓacewa ta bayyana a wani wuri ya tafi, don a tirelar sai da ta sha wuya a hannun dodon nan Bauk alhali a na 3 ƙiftawa ɗaya take ta gama da rundunar mutane. Amma ni wannan ne ma yake ja na, ina so in buga in ga me ya same ta.

Abin da ya fi burge ni a tirelar ba faɗan ba ne. Ta kashe dodon ta dawo ƙauyen tana ganin ta ceci yarinyar da aka miƙa hadaya, sai ta tarar mutanen ƙauyen da kansu sun kashe ta. Wannan shi ne Witcher da na sani, irin labarin Bloody Baron na Witcher 3 da za ka zauna riƙe da pad ka rasa wane zaɓi ne daidai, ka zaɓa kuma bayan awa biyar sakamakon ya biyo ka. In sun riƙe wannan rubutun, ni ko a ƙaramin setin zan buga, ganyen bishiya ya yi dishi-dishi ba komai. Tsorona shi ne su cika taswira da alamar tambaya irin ta tekun Skellige da mutum zai yi ta tuƙa kwalekwale yana kwaso tarkace. Kuma su dawo mana da Gwent, wasan kati na cikin gem ɗin, don Allah.

Ɗan_Kurna, ni PS5 nake tara wa kuɗi, tunda a kanta suka yi gwajin na san ba za su bar ta a baya ba. Ka yi tunani a kai.

Mai_Sola_Maraɗi ya rubuta:

Ina gaida kowa. Shawarar Malama Ummi ta PS5 tana da kyau ta fuskar wuta ma, wajen wat 200 take ci lokacin wasa, inbata matsakaiciya da batir biyu za su riƙe ta da talabijin. Kwamfutar tebur mai babban kati in ka haɗa da sikirin ta fi haka ci, kuma in aka ɗauke wuta kana tsakiyar sebin zai iya lalata maka fayil, ya taɓa faruwa da ni a Baldur's Gate 3, wasan sati biyu ya tafi. Ka sa kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a lissafi. Amma in za ka ɗauki kwansol kar ka je wa Xbox Series S don arha, 10GB ce ƙwaƙwalwarta, ita ce ma ta jinkirta fitowar Baldur's Gate 3 a Xbox.

Sai data. Gem mai sama da 100GB, ranar farko kuma a ce ga afdet, ka fara tunanin inda za ka yi daunlodin tun yanzu, ko PS5 mai cin faifai ka saya sai ka sauke gyara.

Zafin da ka ce laftof ɗinka yana yi kuma, yaushe rabon a buɗe shi? Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ragar fanka, na buɗe nawa bara na ciro wani dunƙule kamar audugar katifa. Ka kai a busa shi a canza man furosesa, ka ɗaga bayansa da ɗan katako iska ta shiga, kar ka ɗora a kan katifa. Za ka ga Novigrad ɗin ta sauƙaƙa.

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na kira mai shagon, 4GB ne kamar yadda Injiniya ya faɗa, na ce masa na fasa. Gobe zan kai nawa a busa a canza man, in ƙara RAM ya zama 16GB tunda akwai ramin guda a buɗe, sauran kuɗin in ajiye har su fitar da jerin nasu. Anti Ummi maganar PS5 ta shige ni, matsalar dai ina aikin makaranta da kwamfuta kuma ina son mod, wato gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙara wa gem a kwamfuta.

Yallaɓai Injiniya tambaya ta ƙarshe, in lokacin ya yi na tashi haɗa ta tebur kuma kuɗin bai kai duka ba, a kan kati zan fi zubawa ko furosesa? Don na ga a gwajin nan kasuwar Valdrest cike take da mutane kowa yana harkarsa, kuma na ji an ce taron jama'a furosesa yake ci ba kati ba.