Me ya sa aka rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn a New York?

Ɗalibin zanen gine-gine ya tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san tarihin birnin New York game da rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, wadda aka fi sani da Penn Station. Hotunan da suka rage sun nuna ƙasaitaccen gini ne na dutse mai jerin manyan ginshiƙai, wanda aka buɗe a 1910, amma a 1963 aka fara rushe shi yana da shekara 53 kacal. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba yaƙi ne ya ci shi ba, kuma ba gobara ba ce. Masu shi ne suka sa masa guduma da hannunsu. Wane dalili ne ya kai su ga haka, kuma me ya hana hukumomin birnin su taka musu birki?

Tsohon ma'aikacin reluwe ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, tashar ba ta gwamnati ba ce, mallakar kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ce, kuma kamfanin ya gina ta ne a zamanin da jirgin ƙasa ke cin karensa babu babbaka a Amurka. Kamfanin zane na McKim, Mead & White ne ya tsara ta, ya kwaikwayi tsoffin wuraren wanka na Sarki Karakala da ke birnin Rum wajen fitar da babban zauren jira, wanda rufinsa ya kai kusan mita 45 daga ƙasa. Ginin ya mamaye eka 8 a tsakiyar Manhattan. A 1945 kaɗai fasinjoji fiye da miliyan 100 ne suka bi ta cikinta.

Daga nan kasuwa ta juya. Dokar gina manyan hanyoyin mota ta 1956 ta buɗe wa motoci ƙasar baki ɗaya, jiragen sama kuma suka kwashe matafiya masu nisa, sai kamfanin ya wayi gari da katafaren gini wanda shara, gyaran rufi da ɗumama shi a lokacin sanyi ke lashe kuɗin da tikiti ba ya mayarwa. Duk wanda ya yi aikin reluwe ya san cewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, layin dogo da kan jirgi ake fara ceto, ginin tasha shi ne na ƙarshe a lissafi. Saboda haka kamfanin ya sayar da haƙƙin yin gini a saman layukan, ya karɓi ƙaramar tasha a ƙarƙashin ƙasa da kashi 25 cikin 100 na sabon aikin. An fara rushewa ranar 28 ga Oktoba, 1963, aka ɗauki kimanin shekara uku ana yi, jiragen kuwa ba su daina shiga da fita a ƙasa ba. A 1968 aka buɗe zauren wasanni na Madison Square Garden a wurin. Ba na yabon abin da suka yi, amma na fahimci matsin da suke ciki.

Mazauniyar Bronx ta amsa:

Baba, da izininka zan ƙara abin da idona ke gani, domin ta wannan tasha nake bi idan zan ziyarci 'yan'uwa a New Jersey. Mutum yana sauka ne ta matakala zuwa wasu lunguna masu gajeren rufi, babu taga, babu hasken rana, jama'a sun yi cincirindo a gaban allo suna jiran a nuna lambar layin jirginsu, da ta fito sai kowa ya ruga zuwa ƙunƙuntar ƙofa guda. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne makomar duwatsun tsohon ginin: ginshiƙansa da sassaƙe-sassaƙensa an kwashe su an zubar a fadamar Meadowlands da ke New Jersey kamar shara, in ban da kaɗan da aka tsirar, ciki har da mutum-mutumin gaggafa guda huɗu da ke kan wata gada a Filadelfiya. Sai a watan Janairun 2021 aka buɗe sabon zauren Moynihan a tsohon ginin gidan waya da ke tsallaken titi, wanda masu zanen tashar ne suka zana shi, kuma an kashe masa dala biliyan 1.6 don a dawo da ɗan abin da aka zubar.

Malamin shari'a ya amsa:

Ɗan'uwa mai tambaya, amsar ɓangare na biyu na tambayarka ita ce, a lokacin babu dokar da ta bai wa birnin ikon hana mai gini rushe gininsa saboda darajar tarihi. Wasu masu zanen gine-gine sun yi zanga-zanga a ƙofar tashar a watan Agustan 1962, tare da fitaccen mai zanen gine-gine Philip Johnson da marubuciya Jane Jacobs, amma ba su da yawa kuma babu abin da za su kai gaban alƙali. Sai a 1965, ana tsakiyar rushewar, magajin gari Robert Wagner ya sa hannu a dokar kare gine-ginen tarihi.

A nan ne na saɓa da Baba cikin girmamawa. Rushewar ba ta ceci kamfanin ba, domin ya haɗe da kamfanin jirgin ƙasa na New York Central a 1968 suka zama Penn Central, a 1970 kuma suka durƙushe, birnin ya tashi babu tsohuwar tashar kuma babu kamfanin Pennsylvania. Wannan Penn Central ɗin ne ya nemi ɗora dogon bene a kan tashar Grand Central, wata babbar tashar jirgin ƙasa a Manhattan, hukumar da sabuwar dokar ta kafa ta hana, Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi shugaban Amurka John Kennedy, ta shiga gaba wajen kare ginin, har shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka. A 1978 alƙalai shida suka goyi bayan birnin, uku suka saɓa, aka yanke cewa hana mai gini rushe shi ko canza shi ba ƙwace masa dukiya ba ne matuƙar yana iya ci gaba da amfani da shi yana samun riba daidai gwargwado. Ina ba ka shawara ka karanta hukuncin nan, domin har yau da shi kotunan Amurka ke auna irin wannan rigima.