Ma'aikatan jinya na Arewacin Kamaru: me kuka koya daga aiki da na'urori masu sarrafa kansu?

Nas daga Garwa: Salamu alaikum. Tun da na ga Ruwanda ta sa mutum-mutumi biyar a cibiyoyin korona a 2020, suna auna zafin jiki suna kai abinci, nake tunanin ranar da irinsu za su iso mana. Kafin nan, waɗanda muke fama da su fa? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Majo (shugabar ma'aikatan jinya ta ɗaki) daga Marwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni famfon ƙarin ruwa ne ya koya mini hankali. An kawo mana shi, rubutunsa duk Turancin Ingilishi, mu kuma da Faransanci muka yi karatu. Mu 2,5 muke rubutawa da waƙafi, shi ɗigo ya sani. Wata ɗaliba ta nemi waƙafi ta rasa, ta danna 25 ta wuce abinta. Jinjiri ne a gadon. Allah ya sa na leƙo, na ga ruwan yana sauka da sauri fiye da yadda ido ya saba, na kashe. Na'urar ko ƙara ba ta yi ba, ai abin da aka ce mata ta yi. Tun ranar, ba mai taɓa famfo a ɗakina sai ya iya lissafin ɗigon ruwa a minti da agogon hannunsa. Suna cewa na cika tsauri, su ce.

Daga Kusuri: Gaskiyarki Yaya. Mu zafi ne da ƙura. Na'urar gwaji ta GeneXpert cikin awa biyu take fitar da sakamakon tarin fuka, amma in ɗaki ya haura digiri 30 sai ta fara gardama, a Afrilu kuwa kun san Kusuri. Wanke matatar injin iskar oksijin ma yanzu aikina ne duk mako.

Ɗan'uwanku a Njamena: Na yi horo a Faransa, na tsaya a tiyatar da ake yi da na'ura mai suna da Vinci. Likita yana can gefe zaune da kansa cikin allo, nas ce a jikin mara lafiya: ita ke lulluɓe hannayen na'urar, ta canza kayan aiki, ta lura kada ƙarfe ya danne masa jiki. Abin da suka fi maimaita mana shi ne yadda za a janye ta da gaggawa a koma aikin hannu in jini ya ɓalle.

Ungozoma daga Ngaundere: Ba wanda ya ambaci bayani da baki. Wata tsohuwa ta ƙi a maƙala mata abin auna iskar jini a yatsa, wai jininta yake zuƙa. Sai da na sa a nawa yatsan, na yi mata bayani da Fulatanci, "Dada, haske ne kawai," sannan ta miƙo hannu. Ga shi ta sha baƙin lalle, yatsun kuma sanyi ƙalau, lambar sai tsalle take yi. A kunne na koma na auna.

Nas daga Garwa: Majo, don Allah turo min yadda kike koya musu lissafin ɗigon. Ɗalibai uku aka ba ni wannan watan.